Langar Waina

Ma'aikatan motar asibiti na saukowa da Baba Mashud a kan kujera, Ramatu ta leƙa ta ƙofar da suka bari a buɗe. Abin da idonta ya fara sauka a kai langar da ta aika musu ce a kan tebur, murfin a gefe, saura waina ɗaya.

Shekara shida ke nan suna maƙwabtaka a wannan bene na unguwar Whitechapel a birnin Landan, ƙofa na kallon ƙofa. Baba Mashud tela ne ɗan Indiya, ya ajiye keken ɗinki tun bara da ciwon zuciya ya kayar da shi. Likita ya ce kitse ne ya toshe masa jijiyoyi. Aka ɗora shi a kan ƙwaya, awo ya nuna kitsen ya sauka, amma likitan bai saki fuska ba. Ya ce akwai wani sauran kitse da ke yawo cikin jini bayan an ci abinci, ƙwayar ba ta kama shi sosai, kuma mutanen Indiya sun fi fama da shi. Daga wannan ranar matarsa, Mama Rukayatu, ta kulle man shanu a kabad, dattijo ya koma cin dafaffen kabeji kamar wanda ake horo.

To amma duk Juma'a sai Mama ta miƙo wa Ramatu shinkafa a langar nan. Ita kuwa Ramatu Bakanuwa ce, kwanon maƙwabci ba ya fita daga ɗakinta wayam. Sai ta cika shi da waina. Baba ya taɓa tare ta a matakala, ya rage murya: "'Yata, wainar nan, a ɗan ƙara mata mai." Ta yi dariya, ta ƙara.

Ranar da aka tafi da Baba, bayan la'asar mijinta Badaru ya dawo daga asibiti, hula a hannu.

"An yi trying, Ramatu. Zuciyar ce ta tsaya."

"Ni na kashe shi, maigida. Waina biyar ya ci."

"Kai, ki bar faɗin haka. Kwana ne ya ƙare."

Ba ta bari ba. Kwana uku tana zuwa zaman makoki, tana raɓewa a bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da Mama. Tsoronta ɗaya, ranar da matar za ta ɗago kai ta tambaye ta.

Rana ta huɗu aka ƙwanƙwasa. Mama ce cikin farin mayafi, riƙe da langa. Ramatu ta durƙusa.

"Mama, ki yafe mini. Na san likita ya hana."

"Tashi, 'yata. Wa kike zaton yake wanke langar?" Ta goge ido da bakin mayafi. "Tun watan azumi likitoci suka gaya mini jijiyoyin sun gama, ko tiyata ba za ta yiwu ba. Hannuna ya kasa soya masa komai. Na san idan na aiko miki, ba za ki dawo da ita haka ba."

Ta ɗora mata langar a hannu, ta juya. Sai da ta kai ƙofarta ta ce, "Juma'a ki rage. Uku ma sun ishe ni."

Ramatu ta daɗe tsaye a wurin, ɗumin shinkafar yana ratsa tafin hannunta.