Kazar Auta da Shirun Yayanta

Injiniya ne ya koya wa Auta yadda ake haɗa wasan waya. Kowa a gidan ya san haka, kuma in mutum ya manta, shi da kansa zai tuna masa. A wani ɗan ɗaki bayan shagon ɗinkin babansu suke aiki, tebur biyu, fanka ɗaya mai ƙara, ƙyallaye na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Shi wasan tseren motoci yake ginawa tun ba yau ba, har ruwan sama ya sa yana gangarowa a gilashin motar. Ita kuwa ƙanwar tasa, hutun makaranta kawai ta samu ta zana wata kaza mai ƙaton ido, wai tana tattara 'yan tsakinta kafin shirwa ta sauko. Wasan ke nan fa gaba ɗaya, da yatsa ɗaya ake yin sa.

To, kazar ce ta karɓu. A mota ya ga wani dattijo da gemunsa yana kora 'yan tsaki. Masu ɗinkin babansu sai an yi musu tsawa suke ajiye waya. Har Mama, wadda ta ce motocinsa jiri suke sa ta, tana zama a ƙofar kicin tana zagin shirwa kamar ta san gidansu. In baƙi suka zo, sai a nuna Auta a ce ga mai kazar nan, shi kuma a tambaye shi ko har yanzu yana gyaran waya. Yakan yi dariya, ya ce ai ɗalibarsa ce. Amma maganar gaskiya hassada ce ke cin sa, kuma ya san sunanta sarai.

Wata rana da hantsi Auta ta juyo masa da kwamfutarta, fuskarta fal murna. Wani kamfani da ba su taɓa jin sunansa ba ya aiko mata da saƙo. Sun yabi kazar har da shirwar, sannan suka ce suna so ta cusa wata 'yar manhajarsu a cikin wasan, wai mai share wa mutum waya ce, duk wanda ya sauke kaza sai ta biyo shi, su kuma su riƙa sallamarta da kuɗi.

Tun bai kai ƙarshe ba ya gane su. Lokacin da yake gyaran waya ya sha cire irin wannan masifar daga wayoyin mutane: talla kamar ruwan sama, batir ya ƙare kafin azahar, waya ta yi zafi kamar dutsen guga. Amma wallahi ba wannan ne ya fara zuwa masa a rai ba. Abin da ya fara sukar sa shi ne, ita suka rubuto wa. Ya koma teburinsa a hankali ya buɗe nasa akwatin saƙon, ya duba har inda tarkace ke taruwa. Wayam. Ko 'yan damfara ba su ga motocinsa ba.

"Yaya, ya ka gani?" in ji Auta. "In ka ce a'a, na bar shi."

Maganar tana bakinsa, a shirye take tsaf. Ya kalli kazar nan mai ƙaton ido a fuskar kwamfutarta, sai ya haɗiye maganar.

"Wasanki ne," ya ce. "Ai kin girma."

Ya maida abin jin sauti kunnensa. Ya gaya wa kansa bai yi ƙarya ba, bai ce ta karɓa ba. Sai dai ya fi kowa sanin halinsa, mutumin da ko layi ya karkace a aikinta sai ya yi tsaki ya yi mata lacca. Shirun irinsa amincewa ce a wurin Auta, kuma haka ta ɗauke shi. Abin takaici ma, da manhajar ta ƙi zama a cikin wasan ta rasa yadda za ta yi, shi ya miƙa hannu ta kan kafaɗarta ya gyara mata wurin, don idonsa ba ya iya ganin kuskure ya wuce.

Ba a jima ba abin ya fashe. Mutum na tsaka da kiran waya sai talla ta rufe masa fuska. Data na zurarewa ba a san ina take zuwa ba. Masu sharhi da suka saba yi wa kaza kirari suka koma zagi, taurarin yabon da suke ba ta suka yi ta zubewa. Injiniya yakan fita wai shan iska, ya tsaya a gindin bishiyar bakin titi yana karanta zage-zagen ɗaya bayan ɗaya. Da farko har wani sanyi yake ji a ransa, kunyar faɗa ce amma haka ne. Daga baya sanyin ya ƙi zuwa, ya ci gaba da karantawa duk da haka.

Ranar da ta fi muni, wata mata da ke kawo ɗinki ta shigo shagon da wayar ɗanta a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna wa Baba irin hotunan rashin kunyar da ke faɗo wa yaro tun da ya sauke kaza, ta ce ita don ta san gidan ne ta bar shi ya sauke. Baba ya tsayar da keke, ya ba ta haƙuri kansa a ƙasa, bai ko kalli ƙofar ɗakin baya ba. Auta na tsaye a bayan labule, ta ji komai. Da yamma kasuwar da ake sauke manhajoji ta cire wasan, ta rufe mata shafi, ba ranar buɗewa.

Ya zaci za ta zo ta tsare shi da ido. Har ya tanadi amsa, ya yi ta maimaita ta a zuci: ni ban ce ki karɓa ba. Kwana da kwanaki ba ta shigo ɗakin ba. Shi kaɗai da fanka da motocinsa, ga fili ya samu, amma ko taya ɗaya ya kasa taɓawa. Abinci ma sai Mama ta yi faɗa yake tsakura.

Da ta dawo, idanunta a kumbure, sai ta ajiye masa kofin shayi a gefen kwamfuta, ta tsaya tana kallon ramar da ya yi.

"Yaya, ka daina damun kanka haka," ta ce. "Mama ta ce ba ka cin abinci saboda ni. Ba laifinka ba ne. Abin da kai ba ka gano ba, ni ina zan gano shi?"

Amsar da ya tanada ba ta da wurin shiga, don ba wanda ya tuhume shi.

Ta ce ta gama da yin wasa nata na kanta, dama rawar kai ce ta sa ta yi gaba da malaminta. Ta jawo kujerarta daga teburinta zuwa nasa, ƙafafun kujerar na kartar siminti.

"Ka ba ni wani abu a naka in riƙa yi," ta ce. "Ko bishiyoyin gefen titi ne in zana maka."

Abin da ya daɗe yana so ke nan, ga shi an kawo masa har gaban tebur. Ya matsa mata wuri, ya buɗe wasan. Ta sunkuyo tana kallon ruwan da ke gangarowa a gilashin motar, ta ce gaskiya ya yi kyau.