Farar Ba Kabutar Ba Ce

Kalma ɗaya ce ta raba Shaukat da tattabarunsa arba'in, kuma shi ya je da ƙafarsa ya ɗauko ta.

Soronsa na kallon nawa a cikin tsohon garin Lahor. Wata rana muka yi kasada a gaban jama'a: kowa ya saki nasa da hantsi, wanda nasa suka riga sauka ya sallama kabutar ɗinsa kaf, wato tattabaru a yarenmu. Nasa suka sauka tun kafin azahar, baki buɗe kamar sun yi dako.

Akwai wata fara a cikinsu, Candini, wadda yake ba almon, ƙwayar itace mai tsada, yana hana 'ya'yansa. Na ce, "Yaya Shaukat, riƙe Candini da mijinta, kada matarka ta yi takaba."

Ya ce, "Riƙe tausayinka, sarkin faci. Ina zuwa."

Sai ga shi da Hakim Zamir mai magani, wanda duk unguwa shi kaɗai ya san Farisanci. Tsohon ya hawo yana nishi, ya gyara tabarau.

"'Ya'yana, kalmar kabutar daga Farisa ta zo mana. Tushenta kabud, wato shuɗi. Asalin ma'anarta shuɗin tsuntsu."

Shaukat ya tafa. "Kun ji! Kabutar na ce zan bayar. Fara kuwa ba kabutar ba ce."

Na ce, "Kawu Hakim, to ita farar mece ce? Agwagwa?"

"Ni asali aka tambaye ni."

"Nawa ya ba ka?"

"Farfesun ƙafar akuya. Bai ma ji gishiri ba."

Ni ajina uku a makaranta, ba zan ja da mai tabarau ba. Na ce na yarda, amma tayin ɗazu ya tashi. Na tsince shuɗaye goma sha bakwai, har da mijin Candini, na bar masa farare ashirin da uku. Ranar har rawa ya yi a kan soro.

Abin da littafin Hakim bai faɗa ba, tattabara ba ta duba launi in za ta yi aure. Kuma dokar soro kowa ya san ta: tsuntsun da ya sauka a naka, naka ne.

Washegari na jera shuɗayen a keji inda za a hango su, na watsa gero. Shaukat na sakin nasa, Candini ko kewaye ɗaya ba ta yi ba, ta faɗo wajen mijinta. Masu miji da masu mata suka biyo, gwauraye suka bi ayari.

Ya zo har ƙofa. "Sayar min da ita, don Allah."

Na ce, "Yaya, ni kabutar nake sayarwa. Wannan kai ka ce ba ita ba ce."

Shekara biyu ke nan. Kullum da safe yana hawowa ya share min kashinsu, don kawai in bar shi ya ba ta almon.