Kwana Talatin a Kaso

…kuma ba wasiƙun nan na shigo nema ba, abin da ke cina ke nan. Manaja ne ya leƙo da safe, kofin shayi a hannu, wai masu kawo mana bututu sun ce sun turo takarda tun shekaranjiya, shi bai ga komai ba. "Inna, sabarki ta sake haɗiyewa." Saba, na'urar da duk wasiƙun kamfani ke bi ta cikinta. Sabata. In ta yi daidai ta kamfani ce, in ta haɗiye tawa ce. To. Na buɗe kaso. Masu boko suna da sunan da suke kiran wurin, ni kaso nake ce masa: can rariya ke jefa duk wasiƙar da ba ta yarda da ita ba, ta zauna kwana talatin, in ba wanda ya zo belinta a share ta. Na ƙara girman rubutu har layi shida kawai ke shiga allo, na samo ta masu bututu, na sake ta. Minti biyu. Da a nan na rufe…

Hannuna ne ya taɓa inda bai kamata ba, jerin ya juye, tsofaffi suka hau sama. Sai ga su. Uku, jere da juna, duk zuwa ga Injiniyan ofishinmu.

YAYA DON ALLAH KA AMSA GAGGAWA

Sha ɗaya da kwata yanzu. Sha biyu daidai tsintsiya ke wucewa, ni na sa mata lokacin da hannuna, duk abin da ya cika kwana talatin ta kwashe. Waɗannan ukun yau suke cikawa. Minti arba'in da biyar. In na zauna kawai, in na naɗe hannu na saurari ƙugin fankokin nan… ba sai na yi komai ba. Rashin yi ma ya isa.

Ba na karanta wasiƙun mutane. Shekara goma sha shida da makullin kowa a hannuna, na san wa ke neman aiki a wani wuri, na san wa matarsa ke rubuto wa sau goma kafin azahar, duk daga kan ambulan na sani, ban taɓa buɗe ciki ba. Yau na buɗe. Ba zan ce hannuna ya zame ba, sau ɗaya hannu ke zamewa.

Ta farko: Mama na asibiti, likita ya ce a kira 'ya'yanta, wayarka ba ta shiga. Ta biyu, bayan awa huɗu, maganar ɗaya, da hoto — hannu a kan farin zani, robar ƙarin ruwa a jiki. Ta uku gajera ce. "Yaya, tana tambayarka. Na ce mata kana hanya."

Kana hanya. Yana nan. Ƙofa ta huɗu daga wannan ɗakin, yana zana magudanar ruwa, kwana uku cur, yana fitowa yana tsokanata wai ɗakina ya fi firji sanyi, ko gawar wa nake ajiyewa… Ran na huɗu wani maƙwabcin mahaifiyarsa ya samo lambar ofis. An riga an kai ta.

Ni na je masa ta'aziyya da ya dawo. Na zauna a kujerar baƙi, shi yana juya fensir. Dogo, ƙato, gemu ya fara furfura, amma muryarsa ta koma ta yaro. Ya ce sun yi faɗa da ƙanwarsa bara a kan wa zai riƙe tsohuwar, ya toshe lambarta, ya amsa wannan laifinsa ne. "Amma Inna, katina na hannunta. Adireshin ofis na jiki. Layi ɗaya ya gagare ta?" Ya ce ta kira shi daga baya ta wayar wani, tana kuka, wai ta rubuto, har sau uku. Ya duba, babu. Ya ce mata maƙaryaciya. Ya ce ko a lahira kada ta nuna ta san shi.

Ni kuma me na ce? Tuna mana, tsohuwa, ke da ba kya manta lambar kowace na'ura a ginin nan. Cewa na yi, "Da ta turo da ka gani. Ba abin da ke ɓata a hannuna."

Haka na ce. Da bakin nan.

Ban duba ba. Me ya sa ban duba ba? Ya gaya mini a fili, ta ce ta rubuto — ɗalibin jiya ma zai taso ya buɗe kaso. Ni na dawo na zauna na sha ruwa. Don ban so in gani ba? A'a. Kada in yi wa kaina kwalliya. Ko a raina bai zo ba. Na saba in an ce wasiƙa ta ɓata, mai turowa ne ya rubuta adireshi ba daidai ba, sau ɗari, sau ɗari biyu, kullum su ne. Har na manta akwai ranar da zai zama ni.

Ga makin da rariya ta ba su, a gefe. Biyar ke kai wasiƙa kaso. Sabon adireshi, ɗaya. Manyan baƙaƙe tun daga sama har ƙasa, ɗaya da rabi. Saƙo iri ɗaya a jere, rabi. Uku ke nan — da sun wuce, da sun shiga akwatinsa lafiya lau. Sai layin ƙarshe: doka ta bakwai, maki uku. Dokata. Ba da ita na'urar ta zo ba. Asibiti, gaggawa, ɗan'uwa, don Allah: in uku suka haɗu a wasiƙa ɗaya, a kama.

Kuma ina da hujja, wallahi ina da ita. Shekara bakwai ke nan, sakatariyar Manaja ta samu wasiƙa wai ɗan'uwanta na asibiti, ta danna nan ta ga hoto. Ta danna. Kafin la'asar duk na'urorin ginin nan sun kulle, zane-zanen shekara uku, kwana huɗu ba wanda ya yi aiki, ni da tsofaffin faifai ina dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ƙafafuna sun kumbura kamar an hura. Ranar na rubuta dokar. Ɓarayin nan da kukan mutane suke sata, to me zan tare in ba kuka ba? Sun kwaikwayi mai neman taimako har mai neman taimakon gaske ya koma kama da su. Laifina ne wannan?

Sha ɗaya da rabi.

…Eh. Don na san dokar makauniya ce tun ranar da na haife ta. Na san za ta kama mai gaskiya. Shi ya sa na haɗa ta da ido: kullum da safe, kafin in cire mayafi, kafin shayi, in bi kaso layi-layi, ɗari biyu, ɗari uku, in tsamo na Allah in sake su. Rariya mai tsanani, ido mai tausayi, haka aikin yake, biyun tare. Ba a rubuce yake ko'ina ba. A kaina yake. Ba wanda ya san ana yi, to wa zai san an daina?

Wata takwas.

Likita ya haska fitila ya ce yanar ido ce, duka biyun, na hagu ya fi. Aiki ne ƙarami, Hajiya — ban ce masa ni Hajiya ba ce — sati shida ki huta. Sati shida. Manaja da takardar kamfanin nan na waje a aljihun teburinsa tun bara, masu cewa a kwashe wasiƙu a kai can wurinsu, ba saba, ba ɗaki mai sanyi, ba tsohuwa. Sati shida ya ishe shi ya gane ginin bai rushe ba. Na ce wa likita zan dawo. Na sayi tabarau mai kauri a kasuwa, ina ɓoye shi a cikin aljihun tebur kamar mai shan wani abu. Layi ɗari uku a ido irin wannan awa biyu ne, da ruwan hawaye, da ciwon kai har ƙeya. Na koma duba rabi. Na koma ranar Litinin kawai. Na koma sai an yi ƙorafi.

Wanda aka tsare wasiƙarsa a ina zai yi ƙorafi? Shi bai san an turo ba. Ita ba ta san wasiƙar ba ta isa ba.

Da tafireta na shigo gidan nan. Aji shida na yi, aka ce ya isa. Wanda ya kafa sabar ya samu aiki mai tsoka ya tafi ya bar wani littafi mai baƙin bango, rabinsa zane, rabinsa zagi. Ba wanda ya so ya taɓa. Ni na ɗauka na kai gida, ina jiran tukunya ina haddacewa, maigidan — Allah ya jiƙansa — yana cewa ke da kika kasa gyara rediyonmu. Na lalata sabar sau biyu, na tashe ta sau biyu, ba wanda ya koya mini ko a. Masu digiri sun zo sun wuce, kowanne sai ya ƙwanƙwasa ƙofar nan ya ce Inna taimaka. Wannan ɗakin da ba taga, da wayoyi shuɗɗa da na ɗaure da hannuna na liƙa wa kowacce suna… in aka karɓe shi ni wace ce? Tsohuwa mai ciwon gwiwa a gidan ɗanta, suruka na tambaya ko a ƙara miki filo.

To shi ke nan, a kan filo na sayar da uwar wani? Ba haka ba ne. Ban sani ba ai. Ban sani ba… amma na san na daina dubawa. Wannan na sani kullum da safe.

Saura ashirin.

Akwai hanya ta uku, kuma kaina ya riga ya gano ta tun kafin in gama karanta wasiƙa ta biyu, kaina ba ya kwana a irin wannan. In sake su. In ya zo, in ce matsala ce daga can wajensu, wasiƙa takan maƙale a hanya, yau ta iso. Zai yarda. Duk ginin nan in na ce saba ta yi mura za su ce Allah ya ba ta lafiya. Ya ga kwanan wata, ya san ƙanwarsa ba ta yi ƙarya ba, ya kira ta, su yi kukansu. Ni kuma ina nan. Kowa ya samu. Wa aka cuta?

Sai dai zai tambayi kansa wa ya hana shi ganin uwarsa, a ce masa iska. Ya zauna da iska har ya mutu. Ni na binne uwa, na san mutum na son ya san inda zai ajiye fushinsa. Ya ajiye a kan yarinyar nan wata guda, a kan shaidata. Yanzu in ɗauke in ba shi iska, ni in ci gaba da gaishe shi a baranda, yana ce mini Inna, yana kawo mini lemo in ya dawo daga duba aiki…

Kuma Litinin in zauna gaban layi ɗari uku da idon da ba ya gani. Dokar na nan. In na cire ta ɓarayi su shigo, in na bar ta —

Saura goma.  Sanyin nan yau har ƙashi.

Na zaɓi ukun. Akwatin tambaya ya fito, sai na kusa manna hanci da allo kafin in ga wanne ne eh. Na danna. Ga layin ya fito a rajista, ɗaya, biyu, uku: an isar. Daƙiƙa ɗaya ba ta cika ba. Tafiyar ƙofa huɗu.

Yanzu suna gabansa. Ko yana kan zane bai duba ba. Ko ya duba. Ba na jin komai sai fanka. In ya zo me zan ce — iska, ko ido? Ban yanke ba. Wallahi ban yanke ba, duka biyun suna bakina, kowanne a shirye.

In tashi in je kafin ya zo. Gwiwa ta ƙi. Bari in tsayar da tsintsiyar tukuna, layi ɗaya ne, in sa masa alama ya kwanta, sauran na yau kada su…

Sauran na yau.

Na jiya fa? Jiya ma sha biyu ta yi. Shekaranjiya ta yi. Wata takwas, kullum sha biyu na yi tsintsiya na kwashewa, ina zaune a kujerar nan ina cin abincina, ɗari biyu, ɗari uku, ba rajistar da ta riƙe abin da ke cikinsu, ni na ce kada a riƙe don wuri. Wannan na gani ne don hannuna ya kuskure. Mutum ɗari da ashirin ke aiki a ginin nan, kowa da uwa, kowa da wanda ya toshe…

An buɗe ƙofa a baranda. Ta nawa ce, ban ƙirga ba. Takun mai nauyi ne, ba ya sauri.

Tabarau na kan tebur. Ban mayar da shi aljihu ba. Hannuna na kusa da shi, na gaji, ban san ko zan…