Layin Da Ya Ƙi Miƙewa

Kawu suke ce masa a zauren hirar masu zane da ke cikin waya, har da waɗanda suka girme shi. Da fenti da burushi ya fara sana'a, yana rubuta allunan shaguna, a lokacin da ake cewa in ya ja layi ba sai an ɗora ma'auni a kai ba. Da aikin ya koma kan kwamfuta bai tsaya gardama ba, ya koya. Yanzu a saman benen wani shagon buga littattafai yake zama, yana zana hotunan littattafan yara da alƙalami a kan allon zane, injin buga littattafan da ke ƙasa yana jijjiga masa kujera. Shi ya buɗe zauren. Kowa ya turo zanensa, Kawu ya duba ya ce hannun nan ya yi tsawo, ko inuwar nan ba daga inda haske yake ta faɗo ba.

Ran da abin ya faru, da hantsi ya tura nasa: wata tsohuwa a kan keken ɗinki, taga a bayanta. Ya rubuta a ƙasa cewa kada kowa ya yi gaggawar sa launi kafin layukansa su zauna. Yabo ya yi ta shigowa. Yana cikin jin daɗi sai ga kira daga wata ɗalibarsa da suke tsokana da Jan Biro, don ba ta ganin kuskure ta yi shiru.

"Kawu, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Tagar da ke bayan tsohuwar nan, da gangan ka lanƙwasa ta?"

"Wace taga? Taga a miƙe take, 'yata."

"Ka juya zanen mana, dama ta koma hagu, yadda ka koya mana."

Ya ajiye wayar ransa a ɗan ɓace. Dabarar tasa ce: ido yakan saba da kuskurensa, sai an juya zane kamar a madubi yake ganinsa sabo. Ya danna, zanen ya juya. Sandar tagar ta yi ciki kamar kwanon da aka taka. Idon tsohuwar ɗaya ya zame ƙasa da ɗan'uwansa.

Ya ce a ransa alƙalamin ne. Ya buɗe farin shafi ya sa kwamfutar ta ja layi da kanta, irin wanda ba hannun mutum a ciki. Layin ya taho sambal, ya zo tsakiya ya karkace, sannan ya wuce.

A hankali ya ɗora tafin hannu a kan idon dama. Layi ya miƙe, ɗaki ya koma daidai. Ya mayar da hannun kan na hagu. Bakin ƙofa ya tanƙware, kantar littattafai ta yi doro, kuma a daidai inda yake kallo wani tabo ne ruwan toka, kamar an dangwala babban yatsa a ɗanyen fenti. Ya kai ido kan agogon bango, tabon ya bi shi ya zauna a kan agogon.

Ya buɗe zane-zanen da ya yi a makonnin baya. Duk suna da karkatar. Mutane sun gani, kunya ta hana su faɗa.

Mahaifinsa ne ya faɗo masa a rai. A ƙarshen rayuwarsa tsohon yakan zauna a bakin gado yana lalube da yatsu har ya sami kunnen kofi, in an shigo ya ɗaga kai ya ce wane ne. Kawu ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

Mai kula da injin ya leƙo daga ƙasa. "Kawu, bangon littafin nan fa ake jira."

"Ina zuwa," in ji shi, ya wuce shi ya fita ko hularsa bai ɗauka ba.

A titi ya kasa barin idon ya huta. Ya rufe na hagu ya kalli turken lantarki, turken ya karye a tsakiya. Ya kalli allon wani shagon magani da shi da kansa ya rubuta shekarun baya, haruffa biyu sun ɓace a cikin tabon. Yana tsaka da wannan gwaji ya taka kwalta, wani mai babur ya ja birki har tayarsa ta gogi wandonsa, ya zazzaga masa masifa. Kawu bai ji ko ɗaya ba. Lissafi yake yi na abin da makaho zai iya yi da allon zane.

Ya sami matarsa tana shanya kaya a igiyar bayan gida.

"Baban yara, lafiya da rana tsaka? Ina hularka?"

Ya ɗaga hannu ya rufe idon hagu ya dube ta. Ga ɗankwalinta, ga 'yan kunnenta, ga jiƙaƙƙiyar riga a hannunta, amma tsakiyar fuskar babu. Ba hanci, ba baki. Muryarta tana fitowa daga cikin toka. Ya zauna a kan bokitin da ke kife.

"Ba na ganin fuskarki," ya ce.

Ta saki rigar a ƙasa. Da ya gama yi mata bayani ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da katinsa na asibiti.

"Mu bari zuwa gobe," in ji shi, "wataƙila gajiya ce."

"Tashi."

"In na je suka ce ya tafi fa?"

"In ka zauna a kan bokiti zai dawo ne? Tashi, Baban yara."

A sashen ido aka ɗiga masa magani aka ce ya jira. Maganin ya buɗe idanun biyu, har mai lafiyar ya koma ganin komai dishi-dishi, fitilun silin suka zama manyan ƙwallaye masu gashi. Ya ɗaga wayarsa bai iya karanta ko harafi ɗaya ba. Ya damƙe gefen benci. Haka ke nan zai kasance, ya ce a ransa. Matarsa ta ji numfashinsa ya canja, ta ɗora hannu a gwiwarsa ta bar shi a wurin.

Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta sa ya ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta haska masa haske har hawaye ya zubo, ta aika aka gwada jininsa. Sannan ta juyo da kujerarta.

"Baba, an taɓa ce maka kana da ciwon sukari?"

"An taɓa cewa in kula."

"Ka kula?"

Matarsa ce ta amsa da tsaki ƙasa-ƙasa.

Likitar ta ce sukarin ne ya raunana ƙananan jijiyoyin bayan idon, ruwa ya taru a daidai wurin da mutum yake ganin abu da kyau. Ɗayan idon ma ya fara nuna alama, amma da sauƙi. Akwai magani, sai dai allura ce.

"A hannu?"

"A idon."

Kawu ya dubi inda yake zaton ƙofa take. Da ƙafafunsa za su ɗauke shi da ya gudu.

"Zai dawo yadda yake?"

"Ba zan yi maka alkawari ba. Abin da nake so shi ne kada ya ƙaru. Gara da ka zo yau."

Aka kwantar da shi, aka rufe masa fuska da ƙyalle mai rami ɗaya, aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe. Duk addu'ar da ya sani ta tsere masa sai guda ɗaya, ita ya yi ta maimaitawa. Likitar ta ce ya kalli sama ta hagu, kada ya motsa. Ya ji an danna, ba zafi sosai ba, sai wani abu kamar ɗigon mai ya yi iyo a cikin ganinsa.

"An gama, Baba. Ka saki hannun ma'aikaciyata, za ta yi aiki da shi."

Sai a lokacin ya san hannun wata ya kama.

Allurar ba ɗaya ba ce, ya yi ta komawa. Tabon ya ragu ya yi haske, amma bai tafi ba, kuma layi a idon dama bai sake miƙewa sarai ba. Ya gaya wa 'yan zauren gaskiya, ya ce duk wanda ya sake ganin karkata a zanensa ya yi shiru bai kyauta masa ba. Aiki ya ci gaba da yi, a hankali, yana ƙara girman hoton a kan allo, kuma ba ya miƙa wa mai inji komai sai wani ya duba masa. Tsoron dai bai bar shi ba. Kowace safiya kafin ya sauko daga gado sai ya gwada idon hagu, ya ga ko yana nan.

Wata rana a layin allura, ya ciro fensir ya zana wani tsohon direba da ke zaune a gabansa da auduga a ido ɗaya. Direban ya lura, ya miƙo hannu. Ya kai takardar har kusa da fuskarsa, ya daɗe yana juya ta.

"Malam, ni ne wannan?"

"Kai ne."

"To ka ƙara mini hanci. Amma bar shi, zan kai wa matata." Ya ninke takardar ya sa a aljihu, aka kira shi ya shiga.