Buhu Huɗu a Kujerar Noelene

Duk garin Scottsdale babu wanda bai san motar Lyle Prewitt ba, wata jar 'yar motar Ingila mai kujera biyu, ba rufi, wadda ta girmi 'ya'yansa duka. Shekara da shekaru yana tseren hawan tsauni da ita, kuma kowace shekara sai ya ƙara mata tauri a ƙafa, don ta riƙe kwana kada ta kwanta. Har ta kai idan taya ta taka tsakuwa sai ka ji a haƙorinka. Matarsa Noelene kuwa kullum tana gefensa, tana mita tana dariya.

"Kai tsohon nan, wannan mota ce ko turmi? Taka mata mana, ka ga Merv zai wuce mu!"

To, bana ciwon daji ya shiga ƙashin bayan Noelene. Likita bai ɓoye musu komai ba: ƙashin ya yi rauni, jijjiga mai ƙarfi tana iya tsaga shi. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙi mijinta. Idan 'yan ƙungiyar tsofaffin motoci suka fita yawonsu na Oktoba, tana so a hau da ita Sideling, hanyar nan mai kwana-kwana cikin daji, har inda ake tsayawa a hango gonaki daga sama. Kuma a jar motar take so, kada ma wani ya kawo mata zancen motar 'yarsu.

Lyle ya ce to. Me kuma zai ce? Magani ba nasa ba ne, allura ta nas ce, wanka da sa kaya na 'yarsu ne. Abin da ya rage masa a duniya shi ne sifana, sai ya ɗauke ta ya shige gareji.

Ya cire sifirin ƙafar motar masu tauri ya sa masu laushi. Abokinsa Merv, wanda suka tsufa tare a ƙarƙashin motoci, ya zo taya shi. Su mutanen nan suna da ƙa'ida: ba a ɗaure notin robobin ƙafa mota tana kan jak. Sai an sauke ta, an ɗora mata nauyin masu hawanta, ta zauna yadda za ta zauna a hanya, sannan a ɗaure. Merv yakan zauna a kujerar direba, don nauyinsu ɗaya da Lyle. Kujerar Noelene kuwa ƙananan buhunan dankali huɗu ake jerawa, tun wata shekara da ta gaji da zaman sanyi a gareji ta ce, "Ku sa dankali a madadina. Buhu huɗu. Wanda ya ce biyar ba zai ƙara ɗanɗana kek ɗina ba." Tun daga nan duk 'yan ƙungiya suka san lissafin, har tsokanarta suke yi da shi.

Lyle ya ɗaure wa buhunan bel ya fita gwaji. Ramuka kam motar ta shanye su, amma a kwanar farko ta kwanta gefe, buhunan suka bugi ƙofa, tim. Ya tsaya a bakin hanya. Da ita ce fa?

Ya dawo ya sa wa shokozoba, abin da ke shanye jijjiga, mai mai kauri. Kwana ta gyaru, gargada ta dawo. Ya rage iskar taya, sitiyari ya mutu a hannunsa, mota ta fara yawo. Duk abin da ya ba ta ta nan sai ta ƙwace ta can.

"Mutumina," in ji Merv, yana goge hannu, "kana neman katifar da ta iya shan kwana. Ba a ƙera ta ba."

"To sai in je in ce mata ba a ƙera ba?"

Merv ya miƙa masa sifana.

Haka suka yi ta fama mako bayan mako. Noelene tana zaune a baranda cikin babbar rigar sanyin Lyle, bargo a gwiwa, tana jin ƙarar ƙarfe. Idan ya shigo shan shayi sai ta ce, "Yaya kishiyata dankali, ta ji daɗin tafiyar?" Shi kuma ya yi dariya ya kau da kai, don ba ya iya daɗewa yana kallonta. Gaskiyar magana, garejin nan maɓuya ce, kuma ya sani.

Ana saura kwana kaɗan a fita yawon, abin ya daidaita. Ya hau Sideling ya sauko, buhuna huɗu zaune ɗas, ko motsi ba su yi ba. Merv ya jefa hularsa sama. Ran nan Lyle ya ci abinci har da ƙari.

Lahadi da safe motocin ƙungiya suka jeru a ƙofar gida suna hon. Noelene ta ɗaura jan ɗankwalinta na tsere, amma ƙafafunta suka ƙi saukar matakala. Lyle ya sunkuya ya ɗauke ta. Ya tattara ƙarfi yadda ya saba tattarawa, sai ya ji ya kusa faɗuwa ta baya. Wayyo. Babu komai cikin rigar nan sai ƙashi. Ya ajiye ta a kujera a hankali, idonsa a kan tayar baya. Motar da takan nutse idan an ɗora buhuna, yau da ƙyar ta san an hau ta. Ashe nauyin da ya daidaita motar a kansa, Noelene ba ta da shi yanzu.

Merv ma ya gani. Ya matso ya rage murya. "Bambancin ba yawa, Lyle. Mai lafiya ba zai ma ji ba."

Mai lafiya. Lyle ya zagaya ya shiga kujerar direba.

Suka fita a bayan kowa, a hankali. A ƙarshen layinsu akwai wani tsohon faci a kwalta, wanda buhuna suka haye sau da yawa ba su ce uffan ba. Taya ta hau shi, ɓangaren Noelene ya yi tsalle kaɗan. Ba ta yi ƙara ba. Ta dai damƙe hannun ƙofa, fuskarta ta yi fari fat, gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"Ci gaba," ta ce ta cikin haƙori.

Ya ci gaba har gadar bakin gari. A gaɓar gadar ta sake cewa ya ci gaba, amma wannan karon muryar ba ta fito ba, leɓe kawai ya gani. Ga tsaunin can gabansu, jerin motoci suna shiga daji ɗaya bayan ɗaya. Lyle ya taka birki, ya juya. Duk hanyar dawowa kuka yake yi, bai ko damu ya goge ba.

Da la'asar, bayan allura ta kwantar mata da ciwon, ta sa aka mayar da ita baranda. Merv ya bar yawon ya dawo, ya shiga kujerar direba ba tare da an ce masa ba. Lyle ya kwance notin duka. Ya jera buhunan, ya cire ɗaya, ya tsaya yana kallon sauran ukun. Bai san buhu nawa ba ce yanzu. Matar da suka shekara arba'in tare, bai san nawa ba ce.

"Kwance na ukun," Noelene ta ce daga baranda.

Ya kwance bakin buhun ya fara fitar da dankali yana zubawa a bokiti. Ya ɗago ya dube ta, ta yi masa alama da yatsa ya ci gaba. Buhun ya koma rabi. Ya tsaya.

"Haka ya yi?"

"Nauyina na yau ke nan, tsoho," in ji ta. "Ai sai Lahadi mai zuwa za mu sake gwadawa. Ƙara ragewa."