Likitan Dimashƙa Ya Iya Turanci

Dakta Abdulmun'im ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan littafi guda: labaran wani likitan Dimashƙa na zamanin da, da majinyatansa masu taurin kai. Shi ya tattaro tsofaffin kwafe-kwafen, ya gyara, aka buga a Alƙahira. Ɗalibai ƙalilan suka karanta, sauran kwafen suka sha ƙura.

Bayan ya yi ritaya, sai maɗaba'ar wata jami'a a Amurka ta turo masa wata Baturiya mai suna Judith, za ta fassara littafin. Bai so ba.

"Ke 'yata, Turanci ai ƙaramar tukunya ce," in ji shi. "Ina za ki zuba wannan?"

"Sai mu dafa kaɗan-kaɗan, Dakta," ta amsa da Larabcinta na littafi, wanda ya sa mai kawo shayi ya ƙunshe dariya.

Haka suka yi ta fama a gidansa da ke unguwar Shubra a Alƙahira. Kalma ɗaya sai ta cinye musu hantsi. Ya kore ta ba sau ɗaya ba, washegari kuma shi ne mai leƙen taga.

Littafin ya fito, Larabci a shafi ɗaya, Turanci na fuskantarsa. Dakta ya juya shi, ya ce takardar dai tana da kyau, ya ajiye.

Da rani jikarsa Rudaina ta zo daga Kanada. Can aka haife ta, can ta zama ma'aikaciyar jinya. Larabcinta bai wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, don haka hirarsu kullum gajera ce. Wata rana bayan la'asar yana gyangyaɗi, sai ya ji ta tuntsire da dariya a baranda, littafin a hannunta.

"Ke lafiya?"

"Kaka, mutumin nan da ya rantse wai kwaɗo ya haɗiya! Wallahi ina da irinsa a asibitinmu."

Tsoho ya gyara zama. "Kin kai inda likitan ya ɓoye kwaɗo a hannun riga?"

"Haba Kaka, kar ka ɓata min!"

Ya jawo kujera kusa da ita. Ya karanta nasa shafin da ƙarfi, ta bi nata da yatsa, wani lokacin ta riga shi dariya. Kusharin da aka kawo musu, dafa-dukan shinkafa da taliya, har ya huce.

Washegari ya sa ta kira masa Judith.

"Dakta! Wane kuskure ka gano kuma?"

"Suna nan da yawa," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Allah ya saka miki da alheri, 'yata. Yarinyar nan ta san ni yanzu."

Ya miƙa wa Rudaina wayar, ya shige ɗaki wai neman tabarau.