Gonar Mai Zuma

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Firamare kawai na yi, kuma ko a gidanmu ba a cika jin muryata ba. Amma ni ce a gefensa har ƙarshe, kuma tuni na fara jin mutane suna ba da labarin ba yadda aka yi ba.

Ina cikin guga a baranda da rana tsaka sai na ji Anti Nas tana bubbuga ƙofofi.

"Jama'a, wa ya ga Baba? Wa ya ga fitarsa?"

Baba Masinja maƙwabcinmu ne, bango ɗaya ya raba ɗakinsa da namu. Anti Nas kuwa 'yarsa ce, ta zo daga garin da take aiki don ta tafi da shi washegari. Ta fita sayo masa magani, ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe.

"Ga sandarsa a jingine, ga tabarau a kan gado," in ji ta. "Mutumin da ko ƙofar banɗaki sai ya laluba?"

Na kashe dutsen guga na bi ta ɗakin.

Duk wanda ya shiga ɗakin nan karon farko sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa ƙafa. An tura gado da kujera jikin bango. Simintin tsakar ɗaki kuwa duk zanen alli ne, gona kusa da gona, kowace da murfin kwalba a kanta a madadin mai ita. A tsakiyarsu akwai wani ɗan fili da ba a rubuta komai ba.

Uwarsa yake nema. Ta rasu tun bai yi famfara ba, kawunsa ya ɗauke shi ya yi nisa da shi. Abin da aka faɗa masa kawai, an binne ta a gefen gonarta. Da ya girma ya dawo, gari ya cinye ƙauyen, an zuba kwalta, an sake wa ko'ina suna. Ya yi aikin masinja a kotu har ya gaji. Da ya ajiye aiki sai ya roƙi a buga masa kwafin tsofaffin wasiyyoyi daga ɗakin ajiyar kotun, ya cika kwali da su.

Ita uwar ba ta bar wasiyya ba. Macen da ba ta da komai sai ɗan fegi da amyar zuma, me za ta rubuta? Ko sunanta babu a takardun. Sai dai maƙwabtanta, in suna faɗin iyakar gonakinsu, sukan ce, ta gabas na yi iyaka da gonar mai zuma.

"Kin gane, Lauya?" Haka yake kirana don tsokana. "A bakin maƙwabta ake nemanta. Kowa ya faɗi nasa, abin da ya rage a tsakiya nata ne."

Da idonsa ya mutu ya roƙi Mama in riƙa zuwa ina karanta masa. Na ce ban iya sosai ba, da yatsa nake bi.

"Ke nake so," ya ce. "Masu saurin karatu tsallake mutane suke yi."

Ban taɓa sabawa da karatun nan ba. Kowace takarda takan fara ne da, ni wane, ina cikin hankalina. Sai in ji maganar wanda ya daɗe a ƙasa tana fitowa daga bakina. Shi kuma Baba sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, muna jin ka." Sunayen wuraren ma ba wanda ya san su yanzu: Tudun Maƙera, Kwarin Gwauraye, Mashayar Jakai. Guda ɗaya ya tabbatar da ita. Mashayar Jakai ita ce gadar da ake wankin mota a ƙarƙashinta, rafin da jakan ke sha kuma shi ne babbar kwatar simintin da ta ratsa bayan shaguna.

Wani lokaci ina guga, ta bango, sai in ji jan ƙafarsa a kan zanen. Duk layin da zai tsallaka sai ya yi sallama, ya ɗan jira, sannan ya wuce.

Ana gobe zai ɓata muka karanta ta ƙasan kwalin, wasiyyar wani maƙeri. Na bi da yatsa: ta kudu kuwa gonar mai zuma ce, daidai inda rafin Mashayar Jakai ya karya ya nufi yamma.

Baba ya ɗago kai. Ya ce in sake. Na sake.

"Nas," ya kira 'yarsa, "za ki kai ni wani wuri."

"Baba, da wannan hawan jinin? Ba inda za ka sai cikin mota, jibi da sassafe. Zanen nan ma wanke shi za a yi, mai gida yana son ɗakinsa."

"Nan kusa ne fa."

"Kabarin da ya girme ni, ya kusa girmar ka? Ko an je me za a gani? In ka warke na kawo ka da kaina."

Ya juyo wajena. Na sunkuyar da kai.

"Nas ta hana, Lauya ta yi shiru," ya ce yana dariya. "An tashi kotu."

Yanzu da muke tsaye a ɗakin, ni da Anti Nas, idona ya faɗa kan filin nan na tsakiya. Bai taɓa taka shi ba, kullum kewaye shi yake yi. Amma ga sawun ƙafa biyu a jere a cikinsa, fari fat da garin alli, sun fuskanci ƙofa.

"Anti," na ce. Ba ta ji ba, sai da na taɓa hannunta. "Ina jin kwata ya bi."

Ta dube ni, ta dubi sawun.

"Je ki. Ni bari in duba tasha da asibiti. Kina da lambata, ko me kika gani ki kira ni."

A ƙarƙashin gada na tarar da masu wankin mota suna hutawa a inuwa. Ban saba yi wa maza magana ba, amma na daure na tambaya.

"Tsoho mai farar riga? Ya wuce nan, garau da shi," in ji babbansu. "Har faɗa ya yi mana, wai mu janye jakunanmu daga hanya. 'Yar'uwa, don Allah kin ga jaki a nan?"

Suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Na bi gefen kwatar ta bayan shaguna. Wari, leda, baƙin ruwa da ko motsi ba ya yi. Zafi ya kori kowa cikin gida, babu ko kare. Can na hango shi. Da ba don rigar ba da ban gane shi ba. Yana tafe a miƙe, hannuwa a baya, kamar mai zagaya gonarsa. Ya zo wani fili sarari ya yi kwana ya kewaye abin da babu. Gaba kaɗan ya sunkuyar da kai, alhali ba reshe ba igiya.

Na cim masa ina haki. "Baba."

"Lauya, sauka daga kan waken mutane."

A kan siminti nake tsaye. Amma na matsa gefe.

"Baba, Anti tana nemanka. Mu koma."

Bai kula ni ba. Ya ɗaga hannu wajen bangon wani shago da ke rufe.

"Sannunku da aiki! Eh, ni ne, ɗan mai zuma." Ya karkata kunne, ya saurara, sai ya yi dariya. "To ai dole, shekaru sun ja."

Na so in riƙe hannunsa in ja shi, amma na ga ni ce mai tuntuɓe, shi ko sau ɗaya bai yi ba. Sai na koma bayansa, inda ya sa ƙafa nan nake sawa.

Inda kwatar ta karya ta nufi yamma, wani fili ne da ake buga bulo. Ranar ba aiki, injin a rufe da tamfol. Mai gadi ya taso daga kan benci.

"Baba, ina zuwa? Bulo za a saya?"

Baba ya wuce shi kamar bai ga mutum ba, ya bi tsakanin jerin bulo har ƙarshen filin. Akwai wani lungu a wurin, ƙasa ce zalla ba siminti, da wani famfo yana ɗiga. Tun kafin in ƙarasa na ji ƙugin.

"Kai, kada ku shiga nan!" Mai gadi ya biyo mu. "Ƙudan zuma ne. Mun yi hayaƙi, mun yi feshi, kwana biyu sun dawo. Kuma har yau ba wanda ya ga gidansu."

Baba ya tuɓe takalmansa ya jera su. Ya yi sallama, ya jira, sannan ya shiga ya zauna a ƙasa ya jingina da bulo. Ƙudajen suka taso. Na rufe fuskata da mayafi. Da na leƙa sai na ga sun sauka a hannuwansa, a kafaɗarsa, wasu suna tafiya a gemunsa. Bai ko motsa ba.

Na kira Anti Nas a waya. Na kwatanta mata wurin, ta ce ga ta nan, kada in bar shi ya tashi.

Ba shi da niyyar tashi. Magana yake yi ƙasa-ƙasa, da wata murya da ban san shi da ita ba, siririya, irin ta yaron da ya yi laifi.

"Inna, na dawo. Ba guduwa na yi ba fa. Kawu ne ya ɗauke ni ina barci."

Ya saurara ya daɗe. Ya gyaɗa kai. Hawaye ya bi kuncinsa, wani ƙudan zuma ya sauka a kai.

"Lauya."

"Na'am, Baba."

"Kin zo gidan mutane kin tsaya ƙerere. Ki gaishe ta mana."

Na dubi mai gadi. Ya kawar da kai. Na cire takalmina, na durƙusa a bakin ƙasar, ina kallon wurin da Baba yake kallo. Ba komai sai jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗan tsiron ciyawa.

"Ina wuni, Inna," na ce.

Ƙugin ya ɗauke.

Ban ce na ga wani abu ba, ban kuma ji murya ba. Abin da na sani, ƙudajen nan duka sun yi tsit a lokaci ɗaya, har ina jin ɗigar famfo. Shirun bai daɗe ba, daidai yadda mutum zai amsa gaisuwa ya tambayi mutanen gida. Sannan suka ci gaba.

Mai gadi ya ja da baya yana salati.

"Ta ce kin cika kunya," in ji Baba, yana murmushi. Ya gyara kansa a jikin bulon kamar mai neman wuri a kafaɗar wani, ya lumshe ido.

Da Anti Nas ta iso da gudu, ta ratsa ƙudajen ba ta ma lura da su ba. Ta sa yatsu a wuyansa. Ta daɗe a haka. Sannan ta zauna daɓas a ƙasa kusa da shi, ta gyara masa wuyan riga.

"Nan ne?" ta tambaye ni, ba ta ɗago ba.

"Ya ce nan ne."

"Nan kusa ne kuwa," ta ce.

Kafin duhu aka kai shi makwancinsa, a babbar maƙabarta, can ɗaya gefen gari. Gida ya cika da mutane. Wasu na cewa ruɗewar tsufa ce, wasu na cewa rana ce ta buge shi. Aka tambaye ni, na ce ban sani ba.

Washegari da safe, kafin in kunna dutsen guga, na ce wa Mama zan je in dawo. Na bi kwatar har filin bulo. An fara aiki, injin na ta ƙara, wata babbar mota tana ja da baya za a yi mata lodi. Mai gadi ya gan ni, ya buɗe mini ƙofa. A bakin lungun na tarar an jera sababbin bulo a tsaye, yadda taya ba za ta shiga ba.

Na tuɓe takalmina a wajen bulon, na durƙusa.

"Ina kwananku," na ce.

Na jira.